Yadda Na Bi Kadin Labarina: Abin Da Doka Ta Kare Mini Da Abin Da Ba Ta Kare Ba

Da wuya wata ya wuce ba a ga marubuci ko marubuciya sun fito a zaurukanmu na WhatsApp da Facebook suna kukan an sace musu labari an yi fim da shi ba. Wasu da gaske an cuce su. Wasu kuma abin da aka ɗauka ba abu ne da doka ta keɓe musu su kaɗai ba, amma babu wanda ya zaunar da su ya bambance musu. Ni na bi wannan hanya a 2024, tun daga ranar da aka sanar da ni har ranar da aka sa hannu a takardar sulhu, kuma ruɗanin da na shiga ya fi asarar kuɗin ci mini rai. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki domin wanda zai biyo baya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da abin da zai riƙe a hannu. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko mutanen ba, tunda mun sasanta.

Littafin na rubuta shi ne a 2021. Labarin wata mata ce da mijinta, ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da shago da tulin bashi. Tana cikin takaba 'yan'uwansa suka fara maganar sayar da shagon, ƙaninsa kuma ya nuna yana son aurenta domin dukiyar ta dawo hannunsa. Da ta fita takaba ta ƙi, ta shiga kasuwar da kanta. Wurin da masu karatu suka fi yi mini magana a kai shi ne inda ta ji wani abu mai tauri a kalmasar tsohuwar rigar mijin lokacin da take ware kayansa za a bayar sadaka. Ta farke ɗinkin ta ga makulli, makullin ya buɗe wata akwatin ƙarfe a shago, a ciki akwai littafin bashi, a gefen shafukan kuma mijin ya riƙa rubuta mata 'yan saƙonni da ajami waɗanda bai taɓa nuna mata ba yana raye. Na saki farkon littafin kyauta a Wattpad, shafin intanet da marubuta ke ɗora labarai, da zaurukan WhatsApp, sauran kuma sai wanda ya biya naira 500 ya shiga zauren kuɗi, kamar yadda yawancinmu muke yi.

A farkon 2024 wata mai karatuna ta turo mini wani fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube, ta ce, "Anti, ashe kin sayar da littafinki ba ki gaya mana ba?" Da dare bayan yara sun yi barci na zauna na fara kallo. Matar da mijinta ya rasu, shagon hatsi a Dawanau maimakon atamfa a Kwari, ƙanin miji mai son aurenta, masu bin bashi suna sallama ana zaman makoki. Tun daga nan ƙirjina ya fara bugawa. Da na kai kashi na 7 na ga ta farke kalmasar riga ta ciro makulli, sai na ajiye wayar na kasa ci gaba. Washegari na kira wani dattijon marubuci da muke kira Malam a ƙungiyarmu, na gaya masa zan fito Facebook in tona musu asiri. Ya ce, "'Yata, kada ki rubuta ko harafi tukuna. Idan kika kira mutum ɓarawo a bainar jama'a ba ki da hujja a tsare, shi zai riga ki zuwa kotu da ƙarar ɓata suna, ki koma ke ce mai kare kai." Wannan ita ce shawara ta farko mai amfani da na samu, kuma kyauta na same ta.

Mataki na gaba shi ne zaman ƙungiyarmu ta marubuta, inda na gabatar da maganar. A nan kai ya rabu. Wasu suka ce fim ɗin gaba ɗaya nawa ne, in nemi a sauke shi. Wasu suka ce labarin bazawara da rikicin gado ai na kowa ne, in haƙura. Wani ya ce tunda littafin onlayin ne babu lambar ISBN, ba ni da ta cewa. Wata ta ce sai wanda ya yi rajista doka ta sani. Aka kawo shawarar 'yan sanda, aka kawo ta kotun shari'ar Musulunci ta unguwarmu. Kowa da kyakkyawar niyya yake magana, amma na tashi daga zaman nan kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na zo. Malam ne ya ja ni gefe ya ce in tafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wato NCC, wadda hedikwatarta ke Abuja kuma tana da ofishi a Kano, amma kada in je hannu rabbana.

Haɗa takardun ya ɗauke ni lokaci. Na kai littafin shagon kwamfuta aka buga mini shi gaba ɗaya, shafi 312 a kan naira 50 kowane shafi, da kuɗin ɗaurewa ya tasam ma naira 17,000. Na ɗauki hoton shafina na Wattpad inda kwanan watan kowane babi yake. Na nemo imel ɗin da na tura wa wata ƙawata a 2021 domin ta duba mini ƙa'idojin rubutu, da littafin a maƙale a ciki. Na je banki na karɓi bayanin shige da ficen asusuna na watannin da nake sayar da littafin. Sannan na rubuta ranar da aka ɗora kowane kashi na fim ɗin, na kuma adana su a filashi saboda gudun a goge ko a yanke wani wuri idan maganar ta fasu.

A ofishin hukumar na rubuta sunana a littafin baƙi, na zauna a benci na jira har jami'in da ke sauraron irin wannan koke ya gama da wasu masu sayar da littattafan makaranta da suka riga ni. Ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba don wannan ganawa. Mutum ne mai natsuwa, ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina. Tambayoyinsa uku ne: yaushe na rubuta, a ina rubutun yake a adane, kuma na taɓa sa hannu a wata takarda da wani a kan littafin? Da na amsa, sai ya fara da abin da ya faranta mini. Ya ce haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar mutum ya yi aikinsa da ƙoƙarin kansa kuma ya adana shi a wani abu da za a iya gani ko karantawa ko saurara, takarda ce ko waya ko kwamfuta. Ba sai an yi rajista ba. Lambar ISBN kuwa Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita domin tantance littafi a kasuwa da ɗakunan karatu, ba ita ke ba mutum haƙƙi ba. Littafin onlayin da wanda aka buga a maɗaba'a duk ɗaya suke a idon doka.

Daga nan ya jawo wani ɗan littafi daga durowa. Ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Ya buɗe sashe na 3 ya karanta, yana fassara mini. Sashen ya lissafa abubuwan da ba su shiga ƙarƙashin kariyar haƙƙin mallaka ba, na farkonsu kuma shi ne tunani ko dabara tsurarta, sai hanyoyin gudanar da abu, da tsare-tsare, da ƙa'idoji, da abin da aka gano, da bayanai zalla. Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ke nan wanda ya ɗauki tunanina ya yi kuɗi da shi bai yi laifi ba?" Ya ce, "Malama, raba abin gida biyu. Cewa mace ta rasa miji, dangi suka taso mata, ta tsaya da ƙafarta, wannan jigo ne, kowa yana da damar ya rubuta a kansa. Yadda ke kika rubuta shi, da kalmominki, da yadda kika jera abubuwan da suka faru, da irin taurarin da kika gina, wannan shi ne naki." Ya ƙara da abin da mutane da yawa ba su sani ba: ba sai an kwafi kalma da kalma ake shiga haƙƙin mutum ba. Mayar da littafi fim, ko fassara shi, haƙƙin marubucin ne, kuma doka tana duba ko an ɗauki aikin gaba ɗaya ko wani muhimmin sashe nasa, ko da an sauya masa kama, muddin ana iya gane daga inda ya fito. Game da kotu ya ce ƙarar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraronta, haka sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya tanada. Ya ce ina iya shigar da koke a rubuce ga hukumar, amma hukuncin biyan diyya na kotu ne, don haka in nemi lauyan da ya san wannan fanni.

Na fito gwiwa a sanyaye, kuma na yi kwanaki ina jin haushin wannan sashe na 3. Duk marubuci ya san wani lokaci tunanin labarin ne ya fi wahalar samu. Kana iya yin wata shida kana juya abu a zuciya kafin ya nuna, rubutawar kuma ta zo da sauƙi. A ce wannan ne doka ta bari a fili, akwai ciwo. Amma da na tsaya gaban kantar littattafaina sai na fara ganin ɗaya gefen. Littattafan Hausa nawa aka rubuta a kan auren dole, da zaman kishi, da marainiya a hannun kishiyar uwa, da ɗan mai kuɗi da 'yar talaka? Da a ce wanda ya fara rubuta kowane ɗaya shi ya mallake shi, da ni kaina ban sami abin rubutawa ba, domin ba ni na fara rubutu a kan rikicin gado ba. Ko Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce wanda aka fara bugawa a 1937, ya ɗebo labarai da dama daga tatsuniyoyi da hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sake ƙera su da Hausarsa da hikimarsa, kuma wannan ƙirar ce ta sa har yau ake karanta shi. Daga baya na fahimci ba Nijeriya ce ta ƙirƙiro ƙa'idar ba. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suke bi, ta faɗa ƙarara cewa kariyar tana kan yadda aka bayyana abu ne, ba kan tunanin ba. Har yanzu ina ganin akwai waɗanda ƙa'idar take cuta, musamman ƙananan marubuta da ba su da ƙarfin fitar da aikinsu da wuri. Sai dai na gamsu cewa rashinta zai fi cutar da mu.

Lauyan da danginmu suka sani harkar filaye da gado yake yi, shi da kansa ya ce ba fanninsa ba ne, ya haɗa ni da wata abokiyar aikinsa. Kuɗin ganawar farko naira 20,000. Barista ta saurare ni, ta juya shafukan littafin, sannan ta ce ba za ta ce komai a kan ƙarfin maganata ba sai na yi mata wani aiki. In sami takarda in raba ta gida uku. A gidan farko in rubuta abin da ke littafina da lambar shafi, a na biyu in rubuta abin da ke fim ɗin da lambar kashi da minti, na uku in bar mata. Kafin in tashi ta ba ni labarin wata shari'a ta Indiya da ta ce lauyoyin wannan fanni suna yawan kafa misali da ita. Wani marubucin wasan kwaikwayo, R.G. Anand, ya rubuta wasa mai suna Hum Hindustani a 1953, a kan yadda ƙabilanci ke sa iyaye su hana aure tsakanin ɗan wannan yanki da 'yar wancan. Wani darakta ya same shi, ya saurari wasan, ya tafi ba a ƙulla komai ba. A 1956 fim ɗin New Delhi ya fito da jigo irin wannan. Maganar ta kai har Kotun Ƙolin Indiya, wadda ta yanke hukunci a 1978 cewa ba a shiga haƙƙinsa ba, domin jigo ɗaya ne amma an sarrafa shi daban, fim ɗin ma ya ƙara wasu batutuwa kamar matsalar dukiyar aure. Ma'aunin da kotun ta kafa shi ne: idan mai kallo ya ga ayyukan biyu, zai tashi da yaƙinin cewa na biyun kwafin na farko ne? Barista ta ce, "Hajiya, ki lura da shekarun. Fiye da ashirin mutumin nan ya yi yana bin magana, ya tashi a tutar babu. Ba na son mu shiga abin da ba mu auna ba."

Aikin teburin nan shi ne mafi wahala a duk tafiyar. Sai na kalli minti biyu in tsayar, in buɗe littafi in nemo shafi, in rubuta. Data kaɗai ta ci kusan naira 8,000. Na fitar da kamanni sama da arba'in, na koma ofishinta ina jin na kama su dumu-dumu. Ta ɗauki jan biro ta fara bi. Matar da miji ya rasu ya bar bashi, ta soke. Ƙanin miji mai neman aurenta, ta soke, ta ce wannan a unguwarku ma ana yi. Zaman rabon gado da malami yana lissafa tumunin takaba, ta soke, ta ce wannan hukuncin shari'a ne, ba na wani marubuci ba. Masu bin bashi a gidan makoki, da gulmar mata a kan bazawara mai zuwa kasuwa, da ranar farko da maza suka yi mata dariya a shago, duk ta soke, ta ce duk wanda ya ɗauki wannan jigo dole hanya ta bi da shi ta nan, don haka ba a ba mutum ɗaya su. Ina kallo jan biro yana cinye wahalata, hawaye suka cika mini ido. Ta lura, ta tura mini ruwa, ba ta daina sokewa ba.

Da ta iso kashi na 7 da na 8 sai ta ajiye biron. Ware kaya don sadaka, abu mai tauri a kalmasa, farke ɗinki, makulli, akwatin ƙarfe, littafin bashi, saƙonnin ajami a gefen shafi, duk a jere kamar yadda na jera su. Ta ce in karanta mata saƙon da ke shafi na 141. Na karanta: "Yau na sayar da turmi goma sha biyu, ribar ta isa kuɗin makarantar yara. Na so in ɗauko miki leshin nan ruwan hoda na shagon maƙwabcina, bashin Alhaji ya hana. Ki yi haƙuri da ni, ban iya faɗa da baki ba." Ta kunna fim ɗin a daidai mintin da na rubuta. An mayar da turmi buhu. Sauran duk yana nan, har da leshi ruwan hoda na shagon maƙwabci. Barista ta ce, "Kin ga abin da nake nema. Mutumin da ke sayar da gero a Dawanau, wane maƙwabci gare shi mai leshi? Wannan jimlar a Kwari aka haife ta, aka ɗauko ta aka manta ba a gyara ba." Ta bayyana mini cewa kama kaɗai ba ta isa ba, domin mutum biyu suna iya rubuta abu mai kama ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, kuma doka ba ta hukunta wannan. Sai an nuna wanda ake zargi ya sami damar ganin aikin. Muka ɗauki sunan marubucin fim ɗin daga jerin sunayen da ke fitowa a farkon kowane kashi, muka bi takardar bankina layi-layi. Sunansa yana nan, ya turo naira 500 a 2021.

Ta shimfiɗa mini hanyoyi uku. Ta farko, kai ƙorafi YouTube a sauke bidiyon. Ta ce idan za a yi, kashi biyun nan kaɗai za a nema, ba fim ɗin duka ba, kuma idan masu fim suka mayar da martani cewa nasu ne, za a ba ni kwanakin aiki 10 in nuna na shigar da ƙara, in ba haka ba a mayar da bidiyon. Ta biyu, Babbar Kotun Tarayya, inda za a iya neman diyya da umarnin dakatarwa, amma ta gaya mini gaskiya cewa shari'ar tana iya cin shekaru, kuɗinta kuma ya zarce abin da zan samu a kan kashi biyu. Ta uku, wasiƙar lauya da neman sulhu. Na zaɓi ta uku. Rubuta wasiƙar naira 50,000, aka ba su wa'adin kwana 14, aka kai hannu da hannu, sakatarensu ya sa hannu a kwafinmu. Jiran amsar ya yi mini tsawo, ga masu karatu suna ta tambayata me ake ciki ni kuma an hana ni magana. Amsar da ta zo daga lauyansu musu ce zalla, ya kafa hujja da sashe na 3 ɗin nan, ya ce labarin bazawara ba mallakin mutum ɗaya ba ne. Barista ta ce dama ta san da haka za su fara, kuma a kan yawancin fim ɗin gaskiyarsu ne. Ta mayar musu da shafi biyu kacal: saƙon shafi na 141 kusa da maganar da ke fim ɗin, da layin nan na takardar banki. Ba a daɗe ba suka kira suka ce a zauna.

An yi zaman a ofishin wani dattijo na harkar fim da ɓangarorin biyu suke girmamawa, Malam ya raka ni. Furodusan ya rantse cewa sayen rubutun ya yi daga hannun marubucin fim ɗin, bai taɓa jin sunan littafina ba, kuma na yarda da shi. Barista ta ce, "Alhaji, rashin sani yana iya rage abin da za a biya, amma ba ya mayar da kayan wani naka." Marubucin fim ɗin matashi ne, kansa a sunkuye. Ya ce ya karanta littafin tun da daɗewa, wurin ya zauna masa a rai, da aka matsa masa ya kawo kashi biyu cikin kwana uku sai ya koma ya buɗe. Da ya faɗi abin da ake biyansa a kowane kashi, tausayinsa ya kama ni, duk da ban fasa neman haƙƙina ba. Aka yi ta ja-in-ja daga azahar har bayan la'asar. A ƙarshe aka amince za a sa sunana da sunan littafin a kashi na 7 da na 8 da kuma bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon, za a biya ni naira 350,000 a biya biyu, ni kuma in ba su izini a rubuce na amfani da wannan sashe a wannan fim kaɗai. Barista ta dage a rubuta cewa littafin nawa ne har yanzu, ina da damar sayar da shi a yi fim gobe. Abin da ban samu ba shi ne iko a kan sauran fim ɗin. Sun ci gaba da zango na biyu da bazawararsu da shagonta, babu abin da zan ce. Biya na biyu ya yi jinkiri sai da aka sake tuntuɓa, kuma cikin kuɗin na cire kason lauya kamar yadda muka yi yarjejeniya tun farko.

Bayan an gama na yi wa littafin rajista a shafin intanet na hukumar. Ana buɗe asusu, a cike fom da sunan aikin da nau'insa da sunan marubuci da shekarar da aka yi shi, a ɗora kwafin aikin, a biya kuɗin da aka rubuta a shafin, a ajiye rasit. Takardar shaidar ta fito bayan 'yan makonni. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya nemi mai taya shi, amma ya tabbata sunansa da imel ɗinsa aka saka, kuma kuɗin asusun gwamnati ya shiga. Rajistar ba ta ƙara mini wani haƙƙi da ba ni da shi ba, kuma ba ta mayar da jigon ya zama nawa ba. Amfaninta shi ne ranar da aka yi musu a kan wane ne ya riga, ga takardar hukuma a hannu.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwana marubuta shi ne, kafin ka ce an sace maka labari, yi teburin nan mai gida uku, kuma ka soke da kanka duk abin da kowane marubuci zai iya kawowa idan ya ɗauki jigonka. Abin da ya rage shi ne maganarka, ko da shafi ɗaya ne, kuma shafi ɗaya mai ƙarfi ya fi arba'in masu rauni a gaban lauyan ɗaya ɓangaren. Ka riƙa adana abin da ke nuna kwanan wata, da sunayen waɗanda suka sayi littafinka. Idan furodusa ya ce zo ka ba ni labarin da baki, ka sani abin da ka faɗa a zaune a ofis ba ya cikin kariyar wannan doka. Rubuta shi tukuna, ko da taƙaitawa ce mai cikakken bayani, ka tura ta imel, in da hali ku sa hannu a takardar cewa sirri ne ba za a yi amfani da shi ba sai da yardarka, domin wannan takardar ce za ta kare tunanin da haƙƙin mallaka bai kare ba. In za ka sayar, karanta ko izini kake bayarwa ko mallakawa gaba ɗaya. Doka ta ce mallakawa ba ta inganta sai a rubuce, kuma abin da kake sa wa hannu ba ƙarami ba ne, tunda haƙƙin littafi yana nan tsawon ranka da shekara 70 bayan rasuwarka, magadanka ne za su ci ko su rasa.

Ma'aunin nan kuma a kanmu ma yana aiki. Wanda ya ɗauki fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ko littafin wata marubuciya ya bi shi fage-fage, ya sauya sunaye da gari kawai, ba jigo ya ara ba, aikin wani ya ɗauka. Sannan akwai inda haƙƙinmu ya fi fitowa fili amma muka fi yin shiru: masu tattara littattafanmu na kuɗi suna rabawa a zauruka, da tashoshin da ke karanta littafi tun daga bango har bango a YouTube suna samun kuɗin talla ba tare da sun nemi izini ba. A nan babu gardamar jigo, kalmominka ne da kansu ake karantawa. Na tarar da wata tasha ta karanta wani littafina na 2019 a kashi 26. Na cike fom ɗin ƙorafi na YouTube da kaina, na saka adireshin kowane bidiyo da na shafina na Wattpad, ban biya lauya ba. An sauke su, mai tashar kuma ya nemo lambata, yanzu muna tattauna nawa zai riƙa biya idan yana son ya mayar da su da izinina.